Tasha Ta Sha Shida

A shagon Ishbel, daura da tashar jirgin Oban,
na tsaya ina auna oba-oba biyu a tafin hannu:
ɗaya baƙa, siririya, mai sauƙin kuɗi,
ɗaya ruwan ɗorawa, mai kaurin sandar sabulu.
Na ce mata ai ina da waya.
Ta yi mini kallon wanda ya zo rafi da kwando.
"Jiƙa yatsanka, ka shafa fuskar wayar mu gani.
Waya mutum ɗaya take kira.
Wannan kuwa, duk mai kunne a kan ruwa zai ji ka."

Ta ɗauki ruwan ɗorawar ta jefa a bokiti.
Ta nutse, ta taso,
tana ƙyafta fitila kamar mai cewa ga ni nan.
Fam ɗari da tamanin.
Na fara juya shi zuwa naira, na fasa.
Araha ba ta ado,
balle ceto.

Asabar guda na ɓatar a aji don lasisi,
ni da masunta biyu da wani tsoho mai tari,
muna koyon neman agaji a tsare:
sunanka sau uku,
inda kake, abin da ya same ka, ku nawa ne.
Sannan ka saki maɓalli.
Nan aka fi faɗuwa, in ji malamin,
mai tsoro yakan danne shi gam yana ta magana,
amsa na bakin ƙofa, ya hana ta shiga.

Kakana a Yawuri bai san batir ba.
Tafi biyu a gefen baki, ya kwarara kira,
tsallaken Kwara ya amsa masa.
Nan iska ke cinye murya
kafin ta kai tsinin kwale-kwale.

Fitar farko na naɗe ta a leda,
na cusa a ramin kaya na baya
tare da dabino da fulas ɗin shayi.
Torquil bai ce uffan ba.
Sai da muka kai inuwar Kerrera
ya ce yau darasin kifewa ne, bismilla.
Sanyin ya mare ni har cikin haƙori.
Na ɗago kai, na ga iska ta ja kwale-kwalen
a hankali, ba gaggawa,
amma ya fi hannuna sauri,
da dabinon, da shayin, da fam ɗari da tamanin.
Ya janyo mini shi yana dariya:
"Abin da ba ya jikinka, na teku ne."

Yanzu tana aljihun hagu na rigar ceto,
ɗaure da igiya kamu ɗaya.
Eriyarta na tsokanar haɓata
duk sanda na tsoma filafili.
Na saba, kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai yawan gaisuwa.
Daren fita nakan sa ta caji kusa da buroshin haƙori
don kada in manta.
Jan maɓallin da ke ƙarƙashin murfi,
shekara biyu ban ɗaga ba.
Allah ya sa in tsufa ban san taushinsa ba.

Sau ɗaya dai, wajen Lismore,
hazo ya sauko ya shafe tsibiri da sama.
Ina jin gurnanin inji a ƙirjina,
ban san ta ina ba.
Zaune nake daf da ruwa, ban kai tsayin akuya ba,
wa zai gan ni?
Na miƙe eriya tsaye, na danna,
na faɗi sunan kwale-kwalena: Karfasa, Karfasa, Karfasa.
Na faɗi inda nake zaton nake.

Shiru.

Sai na ga babban yatsana ya yi fari a kan maɓalli.
Na saki.

Muryar wata mata, a natse, kamar mai miƙo gishiri:
"Kafasa, mun ji ka. Zauna inda kake."
Ta haɗiye harafi guda a sunan.
Ban taɓa jin an faɗe shi da daɗi haka ba.

Jirgin ya wuce, ban ga ko fentinsa ba.
Raƙuman ruwansa suka zo daga baya,
suka ɗaga ni sau uku,
suka ajiye.